Bakin Inna Ya Bushe

Litinin, 4 ga Safar, 1283. Tambuwal

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi, yara sun zo da kuzari. Bayan karatun safe na tsayar da manyan, su goma sha ɗaya, waɗanda suka shiga littattafai. Na ce yau abin da ke cikin bakinku za mu karanta. Suka yi dariya.

Na fito da tsamiya daga aljihu, na ɓare ta a gabansu a hankali, ban ba kowa ba. Na ce wa bakinsa ya kawo ruwa? Kowa ya ce shi. Wani daga baya ya ce, "Malam, ni nawa har ya ɗiga ga riga." Na ce to wa ya gaya wa bakinku, alhali ba ku ɗanɗana ba? Na ce ido ne ya gani, hanci ya ji, suka aika wa maɓuɓɓugan miyau cewa baƙo yana tafe, a jiƙa masa hanya.

Sai na raba musu ɗumamen tuwo, loma ɗaya ɗaya, ba miya. Na ce ku yi ta tauna, kada wanda ya haɗiye sai na ce. Can sai ga idanu suna buɗewa. "Malam, ya yi zaƙi!" Ɗaya ya rantse zuma na sa. Na ce ban sa komai ba, miyanku ne ya fara dafa shi tun bai kai ciki ba.

Ina son irin wannan rana. Matata Madina ta ce na shigo gida ina magana ni kaɗai, ko takalmi ban cire ba.

Laraba, 6 ga Safar

Mun ci gaba. Ina rubuta yadda na jera musu don in tuna baɗi.

Abinci dahuwa fuɗu yake yi a jikin mutum, haka na karanta a wurin malamina. Ta farko a tumbi take, amma baki ne ke hura mata wuta. Haƙora su niƙa, miyau ya jiƙa ya fara narkarwa, harshe ya dunƙula, maƙoshi ya tura ƙasa. Tumbi ya yi ta dama shi har ya koma kamar kunu. Hanji ya tsotse mai kyau ya aika wa hanta, hanta ta mai da shi jini, jijiyoyi su sake tacewa, kowace gaɓa ta ɗauki rabonta. Dusar kuwa ta fita.

Na sa su duba bakin juna a hasken rana. Ƙarƙashin harshe akwai ƙofofi biyu ƙanana, in an ɗaga harshe ana ganin ruwa yana tsattsafowa. Akwai wasu a cikin kumatu, daidai haƙoran sama na baya, su nasu ruwan daga gaban kunne yake gangarowa. An yi ta ƙyalƙyala dariya, wai bakin wane yana warin daddawa.

Sun tambaya ko haɗiye miyau yana karya azumi. Na ce a'a, da yana karyawa da babu mai azumi a duniya.

Hanta sai Asabar mai zuwa.

Asabar, 9 ga Safar

Ba mu yi hanta ba. Ƙanena Ɗangiwa ya iso daga Kebbe da hantsi, laka har gwiwa. Inna ba lafiya.

Tun rani abin ya fara. Tuwo ba ya wuce mata, sai ta kora da ruwa, yanzu ko da ruwan ma yana tsaya mata. "Bakinta ya bushe ƙaf, Yaya. Harshe kamar fatar da anka shanya." Na ce me ya sa sai yanzu? Ya ce ita ta hana a aiko.

Na ce yanzu fa, ita ta ce ka kira ni? Ya sunkuyar da kai. "Ta ce dai in na tahi Tambuwal in gaishe su."

Su. Shekara arba'in da ɗaya ni ne su. Ni ne ɗan farinta, kuma Inna irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa faɗin sunana, Lauwali, ba. Ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Ana yaye ni aka kawo ni nan wurin kakata, uwar mahaifina, nan na girma, nan na yi karatu. A wurin Inna sunana mutumin Tambuwal.

Ba ƙorafi nake yi ba. Haka aka saba.

Amma dubi yadda Allah ke tsara abu. Makon da nake koyar da miyau. Ina jin wannan karon zan yi mata amfani.

Litinin, 11 ga Safar

Na bar wa Malam Namadi, maƙwabcina, makarantar. Na ce masa kwana bakwai. Madina ta ɗaure mini busasshiyar kuɓewa, karkashi, tsamiya, da ɗan tulun zuma. Gobe da sassafe za mu bi masu jakuna, ba a bin hanyar nan mutum biyu kaɗai.

Laraba, 13 ga Safar. Kebbe

Na same ta a zaune a ɗakinta, ƙanwata Atu tana yi mata fifita. Ina yin sallama ta ja zane ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa Atu, "Ki ce mishi sannu da hanya." Muryar kamar ana taka busasshen ganye. Harshenta yana manne wa dasashi, kowace kalma sai ta ɓamɓaro ta.

Gaban kunnuwanta biyu ya kumbura, daidai wurin da na nuna wa yara. Idanunta ja, su ma a bushe. Atu ta ce da ɗan maƙwabta ya rasu watan jiya Inna ta yi ta kuka ba hawaye ko ɗigo.

Na roƙa ta buɗe baki in duba. Ta ƙi. Atu ce ta duba ta faɗa mini: harshe ya tsattsage, haƙora uku sun ɓare, ƙarƙashin harshe babu danshi sai kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne abin da zan riƙa. Maɓuɓɓugan ba su mutu duka ba.

Alhamis, 14 ga Safar

Na tsara komai. Da safe ruwan jiƙon tsamiya, a riƙe a baki kafin a haɗiye, don ya ta da abin da ya rage. Asuwaki ta riƙa taunawa a hankali, tauna tana kiran miyau. A shafa man shanu a harshe da dasashi kafin ci. Kunu mai kauri kaɗan, ba tsararo ba, tsararo yana saurin sarƙe mutum. Da rana tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko karkashi, yauƙinsu ya yi aikin da miyau ya bari. Loma ƙarama, kamar ƙwayar gujiya.

Atu ta saurara duka ta ce, "To, Yaya." Ɗangiwa ya ce da malam a gida ashe muna ta wahala.

Na shimfiɗa buzuna a cikin ɗakin, kusa da ƙofa, don in ga yadda take taunawa da yadda take haɗiyewa. Dole in gani da idona in san inda yake tsayawa. Ta kurɓi kunu sau biyu ta bayan zane. Ta ce wa Atu ta ƙoshi.

Ranar farko ce.

Asabar, 16 ga Safar

Kurɓi uku da safe. Tuwo ko taɓawa ba ta yi ba.

Talata, 19 ga Safar

Kwana bakwai da na faɗa wa Namadi sun cika, ba inda zan je. Ina zaune a wurinta duk lokacin ci, ina ƙirgawa. Yau loma ɗaya, ta daɗe a bakinta, na ga maƙoshinta ya motsa sau uku kafin ta wuce. Na ce madalla, Inna, a ƙara ɗaya. Ta ture akushin da bayan hannu.

Atu ta ce, "Yaya, ko za ka ɗan leƙa masallaci?" Na ce azahar ba ta yi ba. Ta ce, "To ko gona, Ɗangiwa shina can shi ɗai." Na ce ba gona ta kawo ni ba. Ban san me ya sa take son kora ta ba. Wataƙila tana ganin na karɓe mata aiki.

Ɗangiwa ya ce kafin in zo tana shan rabin ƙwarya. Ciwon yana gaba ke nan, da sauri.

Jumma'a, 22 ga Safar

Alhamdu lillahi! Na dawo daga masallacin Jumma'a na tarar da ƙwaryar kunu ta yi rabi, tuwo ma an gutsura sau biyar ko shida. Da safe na gauraya zuma a ruwan tsamiya, karo na farko. Ita ce. Zaƙi da tsami tare sun buɗe maɓuɓɓugan. Da ma na yi tunanin haka tun farko.

Na yi wa Atu bayani har sau biyu, tana ta kallon ƙasa. Inna ta yi barcin rana mai nauyi. Na zauna ina kallon numfashinta. Ban taɓa samun damar kallon fuskarta haka ba. Ashe hancinta ne da ni.

Lahadi, 24 ga Safar

Jiya da yau zuma da tsamiya, daidai yadda na yi ran Jumma'a, kuma ban motsa daga wurin ba don kada wani abu ya kuɓuce mini. Babu. Kurɓi biyu, kurɓi ɗaya.

Na tsare Atu a bakin murhu na ce me kika canza? Ta ce ba ta canza komai ba. Na ce to yaya ran Jumma'a ya yi, yau bai yi ba, ko kin tsinka kunun ne don ki huta da damu? Na faɗi wasu maganganu. Na ce wata shida tana hannunki ba ki san a jiƙa mata baki ba. Atu ta yi kuka. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta fasa. Ta ce, "Kai ne babba, Yaya."

Ban kyauta ba. Amma wani abu ya canza, kuma ba ni na canza shi ba.

Laraba, 27 ga Safar

Na san abin da wasu za su ce, wai kunyata take ji. Na auna wannan. Shari'a ta ɗauke wa mara lafiya azumi, ta ɗauke masa tsayuwa a salla, ta halatta wa mai magani ya ga abin da ba a gani. Kunya ta fi azumi nauyi ne? Ai al'adar masu lafiya ce. Mutumin da yunwa ke kashewa ba ya tuna wa ke kallonsa. Inna mace ce mai hankali, ta san wannan.

Awarwaron hannunta yau ya zame har gwiwar hannu.

Asabar, 1 ga Rabi'ul Awwal

An ga wata. Ni ban fita dubawa ba.

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na karɓi ludayin daga hannun Atu, na matsa kusa, na ce, "Inna, ni ne. Ki dube ni. Ki buɗe baki, don Allah." Kunu yana ɗiga a kan tabarma. Ta danne leɓɓanta. Ta ja zanen har ya rufe kanta duka.

Na daɗe a haka, ludayi a sama. Can daga cikin zanen ta ce, "Atu, ki ce ma mutumin Tambuwal yara na jira nai."

Na ajiye ludayin na fita bayan gida, wajen rumbuna. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, mai gemu, ana kiransa malam. Na taho kwana biyu cikin laka. Ko sau ɗaya dai ta dube ni, ko don tana ciwo.

Da la'asar ta so ta tashi alwala ta faɗi. Atu da matar Ɗangiwa suka ɗauke ta. Ba nauyi, in ji Atu, kamar damin kara.

Litinin, 3 ga Rabi'ul Awwal

Ruwa kawai. An fara zuwa dubiya da irin fuskar nan.

Talata, 4 ga Rabi'ul Awwal

Gwaggo Tambaya, ƙanwar mahaifina, ta iso daga Fakku a kan jaki, ita da jikarta. Ta tsufa amma bakinta yana nan. Ta shiga ɗakin, ta dubi Inna, ta dubi akushin, ta dubi buzuna. Ta ce, "Na wane ne wanga?" Atu ta ce na Yaya ne. Ta ce, "Nan yake zama?" Atu ta ce e. "Har lokacin ci?"

Gwaggo ta sa ƙafa ta ture buzun waje. Ta ce in biyo ta.

A gindin ɗorawa ta tsaya. Ba zan iya kawo duka ba, ga abin da ya zauna mini.

"Lauwali, kwana nawa kana nan?" Na ce ashirin. "Kwana ashirin ka hana uwarka abinci."

Na fara kawo mata maganar azumi da tsayuwar salla. Ta ce, "Rufe min baki da karatu, ni na wanke ka ran suna. Matar nan tana da haƙora talatin da biyu ba ta taɓa kai loma baki kana kallo ba. Yanzu da abinci ke dawo mata ta gefen baki, tana tari, tana shaƙewa, yanzu za ta fara? Gabanka?"

Na ce ai mutuwa za ta yi, Gwaggo. Ta ce, "Awo. Za ta mutu ba ta ci gabanka ba. Kai ɗai ne ba ka sani ba gidan ga."

Na ce me ya hana su gaya mini? Ta ce, "Wa? Atu ta ce ma yayanta malam ya fita? Ta ce maka masallaci, ta ce maka gona. Mi kake so ta ce kuma?"

Sai ta sassauta. Ta ce ranar da aka ɗauke ni zuwa Tambuwal, Inna tana daka, ko waiwaye ba ta yi ba, mata suna ta yaba mata. Kwana uku bayan nan ba ta sa komai a baki ba. Ta ce tun ina jinjiri, in za ta ba ni abinci, sai ta zagaya bayan rumbu inda ba mai gani, ta tauna ta sa mini a baki. "Ni na kama ta sau biyu. Ta roƙe ni kada in faɗa. To ga shi na faɗa."

Ran Jumma'a. Ba zuma ba ce. Masallaci na tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan. Sau nawa na ta da yaro hadda a gaban jama'a na ga bakinsa ya bushe, harshe ya ƙi juyawa, har in ce a ba shi ruwa? Na san tsoro da kunya suna rufe maɓuɓɓugan nan kamar yadda tsamiya ke buɗe su. Ɗan danshin da ya rage mata, wanda na ce shi zan riƙa, ni nake ƙafar da shi kullum sau biyu, ina zaune ina ƙirgawa.

Laraba, 5 ga Rabi'ul Awwal

Na wuni a gonar Ɗangiwa. Ban iya noma ba, na dai riƙe fartanya. Atu ta aiko da la'asar: ludayi bakwai.

Alhamis, 6 ga Rabi'ul Awwal

Na ce ko in zauna a zaure, ba na shiga. Gwaggo ta ce muddin ina garin, kunnen Inna yana bakin ƙofa, kowane taku sai ta ajiye ludayi. "Ka tahi gida. Ka bar musu kuɓewarka, ita ta yi amfani."

Na nemi gafarar Atu a gaban mijinta da Ɗangiwa. Ta ce ba komai. Na ce akwai komai. Ta yi murmushi, idonta ya cika. Na sake jera mata yadda za a yi, man shanu, kauri, loma ƙarama. Ta ce, "Na riƙe, Yaya. Tun ran farko na riƙe."

Na yi wa Inna sallama daga bakin ƙofa, ban shiga ba. Ta ce wa Atu, "Ki ce Allah shi kiyaye hanya. Shi gaishe su."

Lahadi, 9 ga Rabi'ul Awwal. Tambuwal

Na iso jiya. Madina ta dubi fuskata ba ta tambaye ni komai ba sai bayan na ci abinci. Da na gama ba ta labari ta ce ita ta yi wannan tunanin tun ina ɗaure kaya. Na ce ke ma? Ta ce, "Kana ta murna, Malam. Ban iya ba."

Kowa ya sani ke nan.

Talata, 11 ga Rabi'ul Awwal

Manyan yaran sun tuna mini da hanta. Na yi musu, na faɗi abin da ke cikin takarda, suka maimaita. Ɗaya ya ce yau ba abin taunawa? Na ce babu.

Asabar, 22 ga Rabi'ul Awwal

Wani mai kai gishiri ya kawo saƙon Ɗangiwa. Inna tana shanye ƙaramar ƙwarya safe da yamma. Tana cin tuwo da karkashi, loma goma, wani lokaci fiye. Ta yi salla a zaune ba a riƙe ta ba.

Na yi sujada. Na tashi na zauna. Maganin ya yi, duk abin da na tsara ya yi. Abu ɗaya kawai aka cire daga ciki.

Astagfirullah. Tana ci. Me nake nema kuma?

Litinin, 1 ga Rabi'us Sani

Na aika da zuma da sabuwar kuɓewa, ta fara fitowa a bayan gida. Na rubuta wa Ɗangiwa takarda mai tsawo kan yadda za a riƙa gasa mata kumburin da tsumma mai ɗumi. Na karanta ta, na yage rabi.

Laraba, 10 ga Rabi'us Sani

Ɗangiwa da kansa. Ya ce tana ci, amma naman da ya zube a kwanakin nan bai dawo ba. Bai ce waɗanne kwanaki ba. Kumburin yana nan, gaɓoɓi suna ciwo, tari ya shigo. Gwaggo ta ce in Inna ta ga sabon gero an gode Allah.

Na ce Inna ta tambaye ni? Ya ce ran nan ta ce ko ruwa ya yi yawa wajen Tambuwal, ta ji an ce katangu na faɗuwa.

Bayan ya kwanta hutawa na fita na duba katangarmu. Lafiyarta lau.

Alhamis, 18 ga Rabi'us Sani. Kebbe

Na zo ne don Namadi yana da saƙo wurin wani malami a nan, kuma ya yarda ya riƙe mini makaranta har in dawo. Shi ke nan dalili.

Na iso da hantsi, ban bi ta zaure ba. Na samu Atu a bakin rijiya, ta kusa sakin guga. Na ce kada ki faɗa mata, kada ki faɗa wa kowa. Na zagaya ta bayan gida, inda darnin kara ya bi bayan ɗakin Inna. Akwai wani tsohon turmi a kife, na zauna a kai. Gero ya yi kai a gonar da ke gabana, bai nuna ba tukuna.

Da rana ta take na ji an fito da ita inuwar ɗaki, taku biyu ko uku daga inda nake. Na ji Atu ta ajiye ƙwarya. Na ji bisimilla. Sai ƙarar ludayi a jikin ƙwarya, shiru mai tsawo, sannan haɗiya. Ana jin ta, da ƙyar take wucewa. Ludayi kuma. Na fara ƙirgawa, na kai fuɗu, na bari.

Sau ɗaya ta shaƙe. Tari ya kama ta sosai, har na miƙe tsaye, hannuna a kan darni. Na ji Atu tana bubbuga mata baya tana cewa sannu Inna, sannu. Na koma na zauna. Tarin ya lafa. Can sai ludayi ya ci gaba.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji ta yi hamdala. Na ji ta yi magana ƙasa ƙasa, ban kama ba.

Sai ga Atu ta zagayo da ƙwaryar a hannu, da saura a ciki kamar ludayi uku. Ta durƙusa ta miƙo mini. "Ta ce a ba mutumin da ke bayan darni, ya sha hanya."

Na ce kin faɗa mata. Ta ce wallahi ba ta faɗa ba, inuwata ce ta faɗo ta tsakanin kara. Na ce tun yaushe ta gani? Ta ce, "Tun ba ta fara ba."

Kunun ya yi tsararo, ba haka na ce a riƙa damawa ba. Na shanye, na mayar mata da ƙwaryar.

Saƙon Namadi yana aljihuna, ban kai ba tukuna. Sai gobe bayan azahar. Kafin nan ina da wurin zama.